ALLON GABAN MATUƘI: YADDA MASU ƘERA JIRGI A GIDA SUKE TSARA SHI, SU YANKE SHI

Duk wanda ya taɓa zama a gaban mota ya ga agoguna a gaban direba. Wani yana nuna gudu, wani yana nuna sauran isansi, wani yana nuna zafin inji. Jirgin sama ma yana da nasa, har sun fi na mota yawa. Amma akwai bambanci. In mota ta fara ciwo, direba sai ya ratse gefen hanya ya tsaya, ya buɗe gaba ya duba. Matuƙin jirgi ba shi da gefen hanya. Abin da agoguna suka gaya masa, da shi zai yi aiki har ya sauka.

Ana jera agogunan nan a kan wani falle da ke gaban matuƙi. Shi ne allon agoguna. A Turai da Amurka akwai mutane masu ƙera ƙaramin jirgi da hannunsu a gida. Su da kansu suke tsara allon nan, su auna shi, su huda shi. Ga yadda aikin yake.

MASU ƘERA JIRGI A GIDA

An daɗe ana wannan aiki. A shekarar 1933 wani Bafaranshe mai suna Henri Mignet ya tashi da wani ɗan jirgi da ya haɗa da katako da ƙyalle da injin babur. A 1934 ya fitar da littafi mai bayanin yadda kowa zai yi irinsa. Mutane da yawa suka yi. Sai dai tsarin fikafikan jirgin yana da aibi. Waɗansu suka faɗo suka mutu, sai da aka gyara tsarin.

A 1948, a garin Beaune na Faransa, Édouard Joly da surukinsa Jean Délémontez suka tayar da wani ɗan jirgin katako mai ɗaukar mutum ɗaya. Shi Joly, gyaran injunan noma ne sana'arsa. Suka haɗa farkon sunayensu, suka sa wa jirgin suna Jodel. Aka riƙa sayar da takardun zanensa, mutane suna ƙerawa a gidajensu.

A Amurka kuma, Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida a 1953. Ana ce mata EAA. Tun 1970 take yin babban taronta a garin Oshkosh, inda jirage wajen 10,000 suke sauka cikin mako guda. A Amurka ne kuma kamfanin Van's yake. Shi yana sayar da kayan jirgi a warware cikin akwatuna, mai saye ya haɗa abinsa. A 2017 jiragen kamfanin da aka haɗa har suka tashi sun kai 10,000. Irin jirginsa ne aka haɗa a Kaduna ta Najeriya, wajen guda 60, aka sa masa suna Air Beetle, sojojin sama suka koyi tuƙi da shi a shekarun 1990.

Aikin yana da doka. A Amurka, fiye da rabin aikin dole ya zama na hannun masu ƙerawa, don koyo ko don sha'awa. In an gama, mai dubawa na hukuma ya zo ya duba. Daga nan akan yanka wa jirgin awa 25 ko 40 na gwaji, a yankin da aka keɓe, ba ɗaukar fasinja. Mutum yakan yi shekaru yana aikin, da maraice da ranakun hutu. Sau da yawa kamfani yakan aiko da allon agoguna a shafe, ba huji ko ɗaya. Mai jirgi ne zai san abin da zai sa, da inda zai sa shi.

AGOGUNA SHIDA NA TUƘI

Na 1, agogon gudu. Akwai wani siririn bututu a ƙarƙashin fiffike, bakinsa yana fuskantar gaba. Iska tana tura cikinsa. In gudu ya ƙaru, turin ya ƙaru, allurar agogo ta hau. Fuskar agogon tana da launi. Kore, gudun lafiya. Rawaya, a yi hattara. Jan layi, kada a wuce. In kuma gudu ya ragu ƙwarai, fiffike ya daina ɗaukar jirgi, sai ya faɗo.

Na 2, agogon tsayi. Iska tana da nauyi. Ta ƙasa ta fi ta sama nauyi. A cikin agogon akwai wani ɗan gwangwani rufaffe. In jirgi ya hau ya kumbura, in ya sauko ya lotse. Shi ke juya allura. Yawanci da ƙafa ake ƙirga tsayi. Ƙafa 1,000 mitir 305 ke nan.

Na 3, agogon daidaito. Rabin fuskarsa shuɗi ne, sama ke nan. Rabi ƙasa-ƙasa ne, ƙasa ke nan. Yana nuna ko hancin jirgi ya ɗaga, ko ya sunkuya, ko fiffike ɗaya ya karkata. A cikinsa akwai wani faifai mai juyawa da sauri kamar katantanwar yara. Muddin yana juyawa, ba ya bin karkatar jirgi.

Na 4, agogon hanya. Yana nuna inda aka dosa, da lamba. 90 gabas ne, 180 kudu, 270 yamma, 360 arewa. Da kamfas ake saita shi, irin wanda ake neman alƙibla da shi.

Na 5, agogon kwana. Yana nuna saurin juyawar jirgi dama ko hagu. A ƙasansa akwai ɗan ƙwallo cikin kwalba. In ƙwallon yana tsakiya, kwanar ta yi daidai.

Na 6, agogon hawa da sauka. Yana faɗin ƙafa nawa ake hawa ko sauka cikin minti ɗaya.

Ban da waɗannan akwai na inji: juyin inji, ƙarfin baƙin mai, zafinsa, yawan isansi, da wutar batir. Akwai kuma rediyo ta magana da filin jirgi. Ɗan jirgin da zai tashi da rana kaɗai, sarari garau, ba ya bukatar duka shidan. Saboda haka tambaya ta fari ita ce: ina za a je da jirgin nan, kuma a wane lokaci?

JIKI YANA RUƊIN MUTUM

Wani zai ce ai matuƙi yana da ido. Haka ne, in ana ganin ƙasa. Amma wanda ya san hazon hunturu ya san ranar da ba a hango itacen bakin gona. A cikin hazo ko gajimare, matuƙi ba ya ganin inda sama ta rabu da ƙasa.

A cikin kunnen mutum akwai wani ruwa mai gaya masa ko a miƙe yake ko a karkace. In jirgi ya karkata sannu sannu, ruwan nan ba ya ji. Matuƙi yana tsammani a miƙe yake, alhali yana zagaye yana gangarowa. A 1954 jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agoguna ba. Aka tsare musu ganin waje, da malami a gefe. Dukansu jirgi ya ƙwace musu. In an raba lokacin daidai, kowannensu ya yi sakan 178, wato bai cika minti 3 ba. A irin wannan hali, karanta agogo shi ne tsira.

KOWANE AGOGO DA MAZAUNINSA

Ba a jera agoguna yadda aka ga dama. A 1937 sojojin saman Ingila suka tsayar da tsari ɗaya na agoguna shida a jiragensu, don wanda ya koya a wani jirgi kada ya ruɗe in ya shiga wani. A shekarun 1950 aka gyara jerin, ya zama wanda aka sani yau. Yana kama da harafin T.

Agogon daidaito yana sama a tsakiya, daidai idon matuƙi. Na gudu yana hagunsa. Na tsayi yana damansa. Na hanya yana ƙasansa. Harafin T ya cika ke nan. Na kwana ya zauna ƙasa a hagu, na hawa da sauka ya zauna ƙasa a dama. Na inji sukan koma gefe, inda ido zai kai ba wahala.

Tsarin bai tsaya ga ido kaɗai ba. Duk abin da hannu zai taɓa yana ciki: makunnin inji, makunnan fitilu, mabuɗin isansi. Mai ƙira yakan ɗaura ɗamarar kujera tam, sannan ya miƙa hannu. Abin da hannu bai kai ba, wurinsa bai yi ba.

ABIN DA YA FARU A 1997

John Denver sanannen mawaƙi ne a Amurka, kuma ya daɗe yana tuƙin jirgi. A 1997 ya sayi wani jirgi ƙirar gida, irin da ake kira Long-EZ. Wani mutum ne ya ƙera shi tun da daɗewa. Jirgin yana da tanki biyu, na dama da na hagu, da mabuɗi mai zaɓen tankin da inji zai sha.

Takardun zanen jirgin sun ce a sa mabuɗin nan a gaba, tsakanin ƙafafun matuƙi. Mai ƙirar ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, don ba ya son bututun isansi ya ratsa wurin zama. Niyyarsa mai kyau ce. Amma sai mutum ya murɗa jikinsa ƙwarai kafin hannu ya kai. Babu rubutu a jikin mabuɗin. In an juya shi dama, tankin hagu ne yake buɗewa. Ma'aunin isansi ma yana baya, sai da madubi matuƙi zai gan shi.

Ranar 12 ga Oktoba 1997 Denver ya tashi daga filin jirgin Monterey a jihar Kalifoniya. Isansin da ke ciki ba shi da yawa, bai kuwa ƙara ba. Yana bisa teku, tsayinsa bai kai mitir 200 ba, sai inji ya fara shaƙewa. Jirgin ya karkace ya faɗa ruwa. Denver ya mutu yana da shekara 53.

Hukumar binciken haɗari ta Amurka ta bi sawun abin. Masu bincike suka zauna cikin irin jirgin, suka juya don kama mabuɗin. Suka ga ƙafar dama tana tokare matakin juya wutsiya ba da niyya ba. Hukumar ta ce hankalin matuƙi ya koma ga mabuɗi, ya taka matakin, jirgi ya ƙwace. Cikin dalilan da ta lissafa har da wurin da aka sa mabuɗin, da rashin rubutu a jikinsa, da rashin ƙara isansi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Shawarar da aka yanke a ɗakin ƙira ita ta biyo jirgin har teku.

KAFIN A TAƁA ƘARFE

Yawanci da fallen sanholo ake yin allon, wato alminiyom, amma mai ƙarfi wanda aka yi don jirgi. Kaurinsa milimitir 1.6 ne ko 2. Milimitir 10 su ne santimitir 1. A jiragen katako akan yi shi da fallen katako. In jirgi na mutum biyu ne gefe da gefe, faɗin allon wajen mitir 1 ne.

Aiki na fari na takarda ne. Mai ƙira ya rubuta sunan duk abin da zai hau allon. Ya yanka takarda daidai girman kowane agogo. Ya yanka kwali daidai girman allon, ya kafa shi a cikin jirgi. Ya manna takardun a kai, ya shiga ya zauna. Ya duba, ya miƙa hannu, ya ɓamɓare wannan ya mayar can. Waɗansu sukan yi makonni a haka. Kwali ba shi da tsada. In ya ɓaci a yanka wani.

Sannan ya leƙa bayan allon. Fuskar agogo kaɗai ake gani, jikinsa yana baya. Rediyo takan kai santimitir 25 ko fi a tsawo, ga wayoyi da bututu a gindinta. A bayan allo kuwa akwai ƙarafan da suke riƙe jirgi. In jikin agogo ya ci karo da ɗayansu, agogon ne zai gusa, don ba a yanke ƙarfen jirgi sai da yardar mai zanen. Ana duba gwiwar matuƙi, da sandar tuƙi in an tura ta gaba ƙarshe.

Kamfas yana da tasa doka. Baƙin ƙarfe yana jan allurarsa, wayar lantarki ma haka. Shi ya sa ake nisanta shi da su. Sau da yawa akan ɗora shi can bisa allo. Ana kuma lissafa nauyin kome, don a jirgi kowane kilo da lissafinsa.

RANAR YANKA

Agogunan jirgi masu zagaye girma biyu ne suka fi yawa. Manya suna son huji na milimitir 80, kamar faɗin yatsu huɗu. Ƙanana suna son na milimitir 57, kamar yatsu uku. Jikin agogo ya fi hujinsa faɗi. Don haka daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar na kusa da shi akan bar wajen milimitir 90 ga manya.

Mai ƙira ya ja layi a tsaye da layi a kwance. Inda suka gicciye, nan ce tsakiyar huji. Ya sake aunawa. Ya ɗora tsinin ƙarfe ya buga sau ɗaya da guduma, don bakin mahuji kada ya zame. Ya fara da ƙaramin huji.

Babban huji da wani mahuji ake yinsa mai hannu ɗaya da haƙori a baki. Haƙorin yana zagaye tsakiya kamar akuya a turke, yana cin ƙarfe kaɗan kaɗan. Ana shimfiɗa katako a ƙarƙashi, a danne fallen da maɗauri tam. In ba a danne ba, haƙori ya kama shi, fallen ya juya kamar wuƙa ya yanke hannu. Ana tafiyar da inji a hankali, ana ɗiga mai, ana sa gilashin kare ido. Mai hankali yakan fara gwadawa a guntun falle, ya sa agogo ya ga ko ya shiga. Huji in ya yi ƙanƙanta, magagari zai buɗa shi. In ya yi girma ba shi da magani, sai sabon falle.

Yawancin agoguna suna da ƙananan huji huɗu na noti a kusurwoyinsu. Akwai ma'aunin ƙarfe da ake ɗorawa don su fito daidai. In ɗaya ya goce, agogo ya zauna a karkace. Agogon tsayi yana da ɗan maɓalli na saiti a gefen ƙasa. Shi kuma da magagari ake fafe masa wuri. A ƙarshe a goge bakin kowane huji, don kaifi kada ya yanke waya ko yatsa.

FENTI, RUBUTU DA GWAJI

Ana shafa wa allon fenti marar ƙyalli, toka-toka ko baƙi, don hasken rana kada ya kashe ido. Sannan a rubuta sunan kowane makunni a jikinsa, da inda yake kunnawa da inda yake kashewa. Mai ƙira ya san abinsa, amma wata rana wani ne zai tuƙa. Wayoyin baya ma kowace da lambarta, an kuma rubuta lambobin a littafi. Kowane layin wuta yana da fis mai tsinkewa in wuta ta yi yawa. Ana gwada bututun iska a ga ba ya yoyo, don bututu mai yoyo yana sa agogo ya yi ƙarya.

YADDA AKE YI YAU

Tun farkon shekarun 2000 allunan gilashi masu kama da talabijin suka shigo ƙananan jirage. Kamfanoni irin su Dynon da Garmin suke yinsu. Gilashi ɗaya yana nuna abin da agoguna shida suke nunawa, har da na inji da taswira. Da yawa yanzu a kwamfuta suke zana allon, su aika wa mai injin yanka. Wani inji da haske mai zafi yake yanka, wani da ruwa mai ƙarfi gauraye da yashi. Amma a cikin gilashin ma, gudu yana hagu, tsayi yana dama, daidaito yana tsakiya, hanya tana ƙasa. Masu lura sukan ƙara ƙaramin agogo ko batir na biyu, saboda ranar da wuta za ta ɗauke. Kuma har yau suna fara gwadawa da kwali.

A ƙasar Hausa ma akwai masu wannan himma. A 2007 wani ɗalibin jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin kayan mota. An ba da labarin ya ɗaga wajen mitir 2 daga ƙasa. Shi da kansa ya gaya wa ƴan jarida cewa jirgin ba shi da ma'aunin tsayi da na nauyin iska. Ya faɗi gaskiya. Inji da fiffike suna tayar da jirgi, amma wanda zai yi nisa sai da agoguna da sanin karatunsu.

Mai gyaran injin noma ne ya ƙera Jodel. Kayan aikin allon nan kuwa, guduma da magagari da ma'auni da fensir, duk maƙeri da kafinta sun san su. Abin da aikin yake nema shi ne mutum ya iya karanta lamba, ya iya awo, ya rubuta abin da ya yi don na bayansa. Mai ƙirar da ya ga mabuɗi bai zauna daidai ba, ya ajiye tashi har ya gyara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.